Wa'azi a Lasifika, Nasiha a Kunne

Mazaunin Tirkaniya a Kaduna ba ya fita neman wa'azi, wa'azi ne ke iske shi har kan shimfiɗa. Da asuba lasifikar masallaci, da dare ta masu kwanan addu'a a majami'a, da rana kuma in ka tsaya bakin titin Nnamdi Azikiwe, bayan tirela da na Keke Napep ma ba su ƙyale ka ba: "Hassada ga mai rabo taki." Da malam da fasto duk kalma ɗaya suke kiran aikinsu da ita, wato wa'azi, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda an kammala fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932.

Amma Bahaushe bai zuba gyaran hali a kwando ɗaya ba. Wa'azi na taro ne, ana yin sa da aya, ba a kama suna. Nasiha ta mutum biyu ce, a ja ka gefe a rage murya. Jan kunne daga babba yake saukowa, gargaɗi kuma akwai barazana a gindinsa. Sai hannunka-mai-sanda, wanda ni a ganina ya fi su duka gwaninta: a nuna maka ramin ba tare da an ce kai ne za ka faɗa ba. In an ɗiga masa ƙeta ya koma habaici ko gugar zana, makamin kishiyoyi da masu rubutun bayan mota. Direban da ya rubuta karin maganar hassada, ai da wani maƙwabcinsa yake.

Dubi daren kai amarya. Gwaggo ta zaunar da ita a ƙuryar ɗaki, lulluɓe a ka, tana shesshekar kuka. "'Yar nan, aure ibada ne. Yi na yi, bari na bari. Abin da kika gani a ɗakinki, ki bar shi a ɗakinki." Ba a kira maƙwabta ba, ba a tono laifin da ta yi bara ba. Mutum na iya ja da abin da ake faɗa mata (ni kaina ina tambayar me ya sa ango ba ya samun rabin wannan faɗan), amma an kare mata mutunci, shi ya sa maganar ke zama.

Rubutacciyar Hausa ta fi karkata ga fitowa fili. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, sun mai da waƙa makaranta, 'Yan Taru suna kai ta ƙauyuka ga mata. Aliyu Namangi na Zariya ya bi sahu da Imfiraji. A Magana Jari Ce ta 1937 kuwa, Abubakar Imam aku ya ba aikin, ya naɗe darasi cikin ban dariya yadda tsohuwa ke yi da Gizo. Ita tsohuwa ma ba ta cewa ga darasi, da ƙurunƙus take rufewa, yaro ya kwana yana tunani. Yau ka tambayi ɗan fim ɗin Kano sana'arsa, ya ce faɗakarwa, ko da rabin fim ɗin rawa ce.

Abin da ya sauya lamarin shi ne na'ura. Tafsirin Sheikh Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello ya ratsa Arewa ta Rediyon Kaduna, sai kaset, sai waya. Lasifika ba ta san iyakar gida ba. A unguwar da Musulmi da Kirista ke shan shayi a teburi ɗaya, a garin da rikicin 2000 da na 2002 suka mai da kogi tamkar katanga, maganar da aka yi don jama'ar ciki maƙwabci ke fara jin ta, kuma a kunnensa habaici ce. Gwamnatin El-Rufai ta kawo ƙudurin ba masu wa'azi lasisi a 2016 don sabunta dokar 1984, Musulmi da Kirista da dama suka ƙi.

Lasisi ba ya koya wa mutum bambancin gyara da tozarci. Malamai da fastocin Tirkaniya, don Allah ku juya bakin lasifikar ya kalli cikin ɗaki, waɗanda suka zo sauraronku suna nan zaune gabanku.