Jinjina ga Masu Cire Yanar Ido a Katsina

Dukiya da suna ba su cika amfanar talaka ba sai mai su ya waiwayi gida. Alhaji Dahiru Barau Mangal, mai kamfanin jiragen sama na Max Air, ya waiwayo ta hanyar Gidauniyar Mangal, wadda ke shirya aikin ido kyauta a birnin Katsina lokaci zuwa lokaci. Ana duba marasa lafiya, a ba wasu magani da tabarau, a yi wa masu yanar ido tiyata. Haka ake yi wa masu ƙaba da gwaiwa. Har daga Jamhuriyar Nijar mutane ke zuwa.

Darajar wannan aiki ta fi bayyana a garuruwan bakin dajin Rugu, irin su Runka ta ƙaramar hukumar Safana da ƙauyukan Batsari, inda 'yan bindiga suka kore shanu suka hana noma. Dattijon da ya rasa garkensa, ina zai samo kuɗin tiyata? Idan ya warke, jikan da ke masa jagora ya koma makaranta.

Jinjina ga likitoci da ma'aikatan jinya masu wannan hidima.