Fayil da Mai Fayil: Tarken Littafin My Name Is Why na Lemn Sissay

Gabatarwa

A Ingila, idan iyaye suka kasa riƙe ɗansu, ko aka ga zamansa a hannunsu yana da haɗari, doka takan ɗora wa ƙaramar hukumar yankin nauyin zame masa uwa da uba. Ita za ta nema masa masu riƙo ko gidan renon yara, ta tabbatar yana zuwa makaranta, ta kuma riƙa aika jami'an walwala su duba halin da yake ciki su rubuta rahoto. Wannan tsari ya kafu ne da Dokar Yara ta 1948, wadda ta biyo bayan mutuwar Dennis O'Neill, yaro ɗan shekara 12 da duka da yunwa suka kashe a 1945, a wata gona a Shropshire, a hannun waɗanda aka ba amanarsa.

Littafin My Name Is Why, wanda kamfanin Canongate ya buga a 2019, tarihin yaron da ya tashi a ƙarƙashin wannan tsari ne, ya kuma rubuta shi da hannunsa bayan ya zama fitaccen mawaƙi. A wannan muƙala zan nuna cewa ƙarfin littafin ya ta'allaƙa ne ga yadda marubucin ya jera takardun hukuma kusa da abin da shi ya tuna, har mai karatu ya gane cewa ana iya cika fayil da labarin yaro alhali ba wanda ya saurare shi. Daga nan zan taɓo wuraren da nake ganin littafin ya gaza.

Labarin a Taƙaice

An haifi Lemn Sissay a Lancashire a watan Mayu na 1967. Mahaifiyarsa ɗaliba ce 'yar Habasha da ta zo karatu Ingila a 1966 tana ɗauke da cikinsa. Ta yarda a ba da shi riƙo na ɗan lokaci, amma ta ƙi sa hannu a takardar sallama shi har abada. Duk da haka jami'in walwalar da ke kula da lamarin ya miƙa shi ga wasu Turawa mabiya ɗariƙar Baftis, ya ce su ɗauke shi tamkar an bar musu, ya kuma raɗa masa sunan kansa, wato Norman. Yaron ya yi shekara 12 a gidan yana kiransu uwa da uba. Bayan sun haifi 'ya'yansu uku, shi kuma ya fara tasawa, sai suka mayar wa hukuma da shi, suka juya masa baya. Daga nan ya yi ta yawo tsakanin gidajen renon yara har huɗu. Na ƙarshensu shi ne Wood End, inda aka kai shi a 1984, wurin da ake tsare yaran da ke jiran shari'a, alhali shi bai aikata laifin komai ba. Sai da ya kai kimanin shekara 17 sannan ya ga takardar shaidar haihuwarsa, ya san sunansa na gaskiya, ya kuma karanta wasiƙar da mahaifiyarsa ta rubuto tun 1968 tana roƙon a mayar mata da ɗanta.

Zubi da Tsari

Sissay ya shafe shekaru da dama yana neman ƙaramar hukumar Wigan ta ba shi fayil ɗinsa, bai samu ba sai a 2015. A kan waɗannan takardu ya gina littafin. Bai tsaya ga ba da labarin abin da ke cikinsu ba, ya sa an buga hotunansu yadda suke: rahotannin jami'ai da na makaranta da wasiƙun ofis, da rubutunsu na tafireta. Saboda haka muryoyi biyu ne ke karɓa-karɓa a shafukan littafin. Ɗaya ta hukuma ce, mai sanyi, mai kiran yaron da lamirin mutum na uku. Ɗaya kuma ta mai fayil ɗin ce, wanda ya haura shekara 50, yana karanta yarintarsa a rubutun wasu.

Wannan tsari ya warware wa marubucin wata matsala da kowane mai rubuta tarihin kansa ke fuskanta, wato wa zai gaskata shi. Yaron da ya tashi a gidansu yana da kaka da goggo da yayye masu tuna masa abin da ya manta, masu gyara masa idan ya yi kuskure. Sissay ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Fayil ɗin nan shi kaɗai ne ya bi shi tun daga zanin goyo har ya balaga, don haka shi ne kakarsa mai ba da tarihi, shi ne kuma wanda yake ƙara. Da ya baje takardun a fili, sai ya mayar da mai karatu alƙali mai duba hujja da idonsa, gani kuwa ya kori ji. A ganina wannan ita ce babbar nasarar littafin ta fuskar fasaha: marubucin bai buƙaci ɗaga murya ba, domin hukuma da kanta ta rubuta shaidar da za ta kayar da ita.

Jigon Suna

Sunan littafin ya fito ne daga ma'anar Lemn a harshen Amhara, wato "don me". Marubucin ya buɗe da labarin yadda, yana ɗan shekara 14, ya zana baƙaƙen farko na sunan da ya zaci nasa ne a fatar hannunsa, zanen da ba ya goguwa. Wannan hoto ya ɗauke nauyin littafin gaba ɗaya, domin kuskuren ofis ya shiga har cikin fata.

Duk ɗalibin adabin Ingilishi zai tuna da Oliver Twist na Charles Dickens, wanda aka fara bugawa a 1837, inda wani ƙaramin ma'aikacin gunduma mai suna Bumble ke raɗa wa jarirai marasa gata suna bisa jerin abacada. Dickens ya yi amfani da wannan ne don zambo. Shekara 130 bayan haka, ga jami'in hukuma ya yi abin da ya fi na Bumble muni, a zahiri kuma, domin Lemn yana da suna, yana da uwa a raye da ta raɗa masa shi, ta kuma rubuto tana so ya tashi cikin mutanensa don kada a nuna masa wariya. Wanda ya san darajar ranar suna zai fahimci girman abin da aka ƙwace. Da sunan aka tafi da harshe da ƙasa da dangi, aka bar baƙin yaro shi kaɗai a garin farar fata, ba wanda zai gaya masa daga ina ya fito.

Jigon Sa Ido

Abin da ya fi tayar mini da hankali a karatun littafin shi ne hukumar ba ta manta da yaron ba. Jami'ai sun ziyarci gidan, makaranta ta aika rahoto, an yi zama, an cike takardu. Rahotannin makaranta sun nuna yaro mai fara'a da farin jini, ƙorafe-ƙorafen masu riƙonsa kuma suka shiga fayil, har ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, irin su ɗaukar biskit ba da izini ba, ya zama alamar mugun hali. Manya ne ke magana, manya ne ke rubutawa, abin da suka rubuta shi ne ke zama gaskiya ga jami'in da zai gaji fayil ɗin gobe. Wasiƙar uwar tana kwance a ofis shekara da shekaru, ɗanta yana zaton yar da shi ta yi.

Sissay ya yi adalci a nan. Ya nuna wani jami'i na daga baya wanda ya tsaya masa iyakar ƙarfinsa, amma kirkin mutum guda bai hana a kulle yaron a Wood End ba. Ma'anar da na ɗauka ita ce matsalar ta fi ƙarfin muguntar mutum ɗaya. Tsari ne mai duba yaro ta kowace fuska, shi kuwa ba mai duba shi.

Inda Littafin Ya Gaza

Marubucin yakan kira masu riƙe da rayuwarsa da kalma guda, Hukuma, kamar wani dodo marar fuska. Haka yaro yake ganinta, babu shakka, kuma kalmar tana da kwarjini a shafi. Amma ƙaramar hukuma mutane ne: kansilolin da jama'a suka zaɓa, kwamitin da ke raba kuɗi, shugabannin da ke naɗa masu kula da gidajen yara. Littafin bai kai mu zauren da waɗannan suke zama ba, don haka tambayar wa ya kamata ya lura tun farko ta tsaya ba amsa. Tambaya ce kuwa da Ingila ta ci gaba da fama da ita. Bayan kisan Victoria Climbié, yarinya 'yar shekara 8 daga Kwaddibuwa, a Landan a 2000, duk da cewa ƙananan hukumomi huɗu sun san da ita, binciken Lord Laming na 2003 ya kai ga Dokar Yara ta 2004, wadda ta wajabta wa kowace hukuma mai wannan nauyi ta naɗa darektan harkokin yara da kansila guda da zai amsa tambaya a kansu. Da Sissay ya bi sawun sa hannun da ke ƙasan takardunsa zuwa sama, da ƙararsa ta fi haka kaifi.

Na biyu, gajerun baitocin da ke buɗe babi-babi ba duka suka dace da muhallinsu ba. Wasu suna ba mai karatu sararin numfashi, wasu kuwa zaƙinsu ya yi wa ɗacin da ke biye yawa, har sukan rage masa zafin da ya kamata a ji. Na uku, labarin ya tsaya ne a daidai fitarsa daga hannun hukuma. Haɗuwarsa da mahaifiyarsa a Gambiya yana ɗan shekara 21 ba ta samu filin da mai karatu ke ɗoki ba. Sai dai wannan ina yi masa uzuri: inda fayil ya ƙare nan littafin ya ƙare, kuma hakan ya yi daidai da tsarinsa.

Kammalawa

A 2018 ƙaramar hukumar Wigan ta nemi gafarar Sissay ta kuma biya shi diyya. A lokacin shi ne uban Jami'ar Manchester, muƙamin da ya riƙe daga 2015 zuwa 2022, ga shi kuma ya taɓa zama mawaƙin gasar Olamfik ta Landan ta 2012. Yana da suna da bakin da dole a saurara. Mafi yawan yaran da suka ratsa ta Wood End ba su da ko ɗaya, kuma ina ganin dominsu ne littafin ya fi amfani. Dokar 2017 ta umurci ƙananan hukumomin Ingila su yi la'akari da ra'ayi da buƙatun yaran da ke hannunsu. Littafin My Name Is Why, duk da gazawar da na ambata, ya ba wa jami'i da malami da kansila ma'auni mai sauƙi na gwada wannan umurni: kowane layi da aka rubuta a fayil, wata rana mai fayil ɗin zai girma ya karanta shi, ya kuma tambayi dalili.