Suna da Aiki: Bayyanar Hali a Gandun Dabbobi

A shekarar 1975 aka buga Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa Animal Farm na George Orwell (1945), labarin gandun da juyin juya hali ya rikiɗe ya koma mulkin danniya. Mai fassara ya rataya wa wasu taurarin halayensu a jikin sunayensu. Sa'ad da Maitumbi ya ci amanar 'yan'uwansa mai karatu ba ya mamaki, domin sunan ya riga ya tona asirinsa. Haka ma Karambana. Wannan dabara ta kusanto da labarin ga kunnen Bahaushe, amma ta rage masa ɗoki.

Akawal ya sha bamban. Sunansa launin doki kurum ya nuna, saboda haka tilas a nemi halinsa a cikin aikinsa: sammako, jan duwatsu, da gaskata duk abin da shugaba ya faɗa. Amincin nan, wanda a fili abin yabo ne, shi ne ginshiƙin da zaluncin aladu ya dogara a kai. Ranar da ƙarfinsa ya ƙare suka sayar da shi ga mai yanka dawaki, suka sayi giya da kuɗin.