Uche Okeke da Zauren Mbari

Sau da yawa 'yan makaranta sukan tambaye mu, shin zanen zamani sana'ar Turawa ce kaɗai? To, ga labarin wani da ya yi karatu nan kusa da mu.

An haifi Uche Okeke a 1933, ya tashi a Kafanchan, sa'an nan ya shiga kwalejin Zariya, inda shi da abokansa suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958. Malamansu Turawa suna koya musu inuwa da haske irin na Ingila. Shi kuwa ya karɓi wannan, amma ya koma ga uli, watau zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bango, wanda mahaifiyarsa ta iya. Wanda ya dubi hotonsa Ana Mmuo na 1961 zai ga layi baƙi yana tafiya bisa ja da rawaya, ba gaggawa, kamar alƙalamin gwanin malami. A ganinmu ƙarfinsa duk a layin nan yake. In ya cika fenti, hannunsa yakan yi nauyi.

A shekarar nan aka buɗe Mbari a Badun, da zauren nuna zane. Ulli Beier, Bajamushen da ya fara mujallar Black Orpheus a 1957, shi ya tsaya wa zauren, yana rataya aikin samari, yana kuma rubutu a kansu. Ya kawo har Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda ya gina zanensa bisa haruffan Larabci. Wannan alheri ne babba, ba mu musu. Amma fa akwai abin dubawa: in mutum guda ne mai zaɓe, shi ne kuma mai yabo, to, abin da idonsa bai faɗa a kai ba sai ya zauna cikin duhu.

Abin da ya sosa mana rai ke nan. Haruffan da aka yaba wa El-Salahi, ai ga danginsu a zayyanar allon sauka a Fagge, da tawada da zarnihi. Ga masu rubuta allunan kanti da jikin manyan motoci a Sabon Gari. Mun aiki ɗalibanmu su kwafo zayyana ɗaya kowannensu. Da yawa suka dawo suna cewa ba su taɓa sanin wannan ma zane ba ne, alhali kullum ta ƙofar zauren suke wucewa.