Tsokaci a Kan Faifan Kaani na Ƙungiyar Tal National

A wannan ɗan tsokaci za mu duba faifan Kaani na ƙungiyar Tal National ta Yamai, wanda kamfanin FatCat na Ingila ya fitar a 2013. Shi ne faifansu na farko da ya shiga kasuwar duniya. Masu sharhi a Turai da Amurka sun yaba masa ƙwarai, suna jingina shi ga kiɗan rok saboda amon gita.

A ganinmu wannan ma'auni bai cika ba. Duk wanda ya saurara da kunnen Bakabe zai tarar kalangu da ganguna ne ke riƙe da kiɗan. Ga jagora, ga 'yan amshi, kamar yadda muka sani wajen makaɗan fada irin su Aliyu Ɗandawo a Argungu. Bambancin yana wajen ubangida. Ɗandawo a zamaninsa sarki ne ke ɗaukar nauyinsa; Almeida, shugaban ƙungiyar, kuwa 'yan rawa da masu sayen faifai ne iyayen gidansa.

Saboda haka wajibi ne manazartanmu su auna irin wannan kiɗa da ma'aunin gida. In ba haka ba, wanda ya sayi faifan shi ne zai raɗa masa suna.