Ɗinkin Kayan Da da Kyautar Hannu a Garin Gwamna

Kaduna ba ta da ganuwa, ba ta da tsohuwar marina irin ta Ƙofar Mata a Kano, ba ta kuma da unguwannin maɗinka da suka gaji allura kaka da kakanni kamar birnin Zariya. Gari ne da Gwamna Lugga ya zaɓa, aka maido hedikwatar Arewa cikinsa daga Zungeru a 1917. Duk da haka, da wuya a sami garin da ya ga taron tufafin sarauta kamar ita. A nan aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956, aka sake yin wani a 1959 domin murnar mulkin kai na Jihar Arewa, sannan aka yi gagarumin hawan bikin FESTAC a 1977, inda sarakuna suka zo da 'yan lifida da 'yan sulke da dogarai daga kowace kusurwa. Mutumin Kaduna ya san alkyabba da rawani da babbar riga, amma galibi sanin ɗan kallo ya yi musu, daga bakin fili. A ganina wannan shi ne asalin ƙarfi da raunin masu ɗinka kayan da don sha'awa a Unguwar Rimi da Kawo da Malali da Unguwar Sarki a yau.

Su wane ne masu wannan ɗinki? Akwai uwar da makarantar ɗanta ta sa ranar al'ada, ta zauna da dare tana haɗa masa 'yar alkyabba da rawani mai kunne biyu. Akwai matasan da ke shirin Ranar Hausa ta Duniya, wadda ake yi kowace 26 ga Agusta, da masu wasan kwaikwayo da ke neman shigar zamanin Sarauniya Amina. Akwai kuma waɗanda suka fi yawa, ba a kuwa cika lissafa su ba: matan gida masu ɗinkin hula, masu saƙa da kwarashi, masu yi wa zanen gado da rigar matashin kai aiki domin ɗakin amarya. A wurinsu babu katanga tsakanin sha'awa da sana'a. Wadda ta ɗinka hula huɗu tana iya sayar da uku ta sayi zare, ta huɗun kuwa, wadda ta fi ɓata wa lokaci, ta ajiye wa mahaifinta ko ƙanenta da zai yi aure.

Kafin a yi hukunci kan kwaikwayo, sai a san abin da ake kwaikwaya. Babbar rigar zamanin Daular Sakkwato ba daga yadi guda ake yanka ta ba. Masaƙi ne ke saƙa ƙyalle siriri, faɗinsa bai wuce yatsu biyu zuwa huɗu ba, a jera irinsa da yawa a harhaɗa da hannu har riga ta tashi. Idan saƙi ce, za ka ga baƙi da fari sun cakuɗa kamar jikin zabuwa. Idan tsamiya ce, zarenta siliki ne na daji da ake samu daga gidan wata tsutsa, launinsa ƙasa-ƙasa, ba ya ƙyalli sosai amma yana daɗewa. Jan alharini kuwa ta hamada fatake ke kawo shi daga Tarabulus, a yi wa bakin riga shafi da shi, ta yadda sai mai ita ya naɗe hannun rigar a kafaɗa jan zai leƙo. Bayan haɗi sai mai zayyana ya zana aikin, sau da yawa malami ne ko almajiri wanda hannunsa ya saba da alƙalami. Shi zai fitar da aska biyu ko aska takwas a kan aljihu, ya kewaya tambari, ya ja layin da zai haura kafaɗa ya sauka a baya. Mai ɗinki ya ɗauki watanni yana cikewa, daga nan a kai mabuga a buge ta da itace har ta kwanta. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya yi mamakin yadda tufafin ƙasar ke kaiwa har Timbuktu da bakin tekun Bahar Rum.

To, nan ne nake da magana da masu ɗinkin ranar al'ada. Yawancinsu hoto suke kalla a waya ko fim, su ɗauki launi su bar gini. Sai ka ga an yanko shadda mai sheƙi, an manna mata zaren gwal da keke, an ce ga shigar sarkin da. A ɗora wa yaro rawani mai kunne biyu alhali an ce bafade ne, ba a lura cewa naɗin kansa magana ne ba, yana faɗin matsayin mutum tun kafin ya buɗe baki. A sa wa jarumi ja da kore, waɗanda kowa ya san da su ake gane dogarai. Ba na ɗora wa uwar da ta kwana tana ɗinki laifi, domin ƙauna ce ta hana ta barci, kuma da ba don irinta ba da yara da dama ba su taɓa sa rawani ba. Abin da ke damuna shi ne yaron zai girma yana zaton abin da ya sa ɗin shi ne tarihi. Wanda ya kalli fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya kwatanta da wasu finafinan tarihi na yanzu, zai ga nisan da aka yi.

Abin mamaki, ilimin da ya kuɓuce wa masu kayan kallo yana nan a hannun masu kyauta. Dubi mai ɗinkin hula irin zanna bukar, wadda ta samo suna daga ministan nan ɗan Barno na Jamhuriya ta Farko, Zanna Bukar Dipcharima. Farin ƙyalle ne a cinyarta, an zana masa gidaje. Tana huda allura, ta zagaye ɗan ramin da zare har ya zama ido, ta matsa gaba kaɗan ta sake, ɗaruruwa a jere, babu wanda ya fi wani girma. In ta ja zare da ƙarfi ƙyallen ya tattare, in ta sassauta aikin ya yi lakwas bayan wanki ɗaya. Tsakanin girki da wanki da renon yara take yi, shi ya sa hula guda ke cin makonni. Ta san ƙidayar zare, ta san launin da ke zuba, ta san inda ake ɓoye ƙulli a ciki. Wannan shi ne ainihin sanin da ya gina aska takwas.

Kasuwa ba za ta iya biyan wannan lokaci ba. Tun da keken aiki ya shigo, sannan na kwamfuta ya biyo baya, wuyan riga da kan ci wata guda ya koma aikin yini. Masaƙun Kakuri da ke hayin kogi, waɗanda suka fara da kamfanin KTL a 1957, sun durƙushe a farkon shekarun 2000, yadin waje ya cika Kasuwar Barci da Kasuwar Sheikh Gumi. Wanda ya lissafa awowin aikin hannu da kuɗi, zai ajiye allura. Kyauta ce kaɗai ba ta wannan lissafi. Ranar suna, idan gwaggo ta kwance ɗaurinta ta fito da hula da safa da rigar sanyi da ta saƙa wa jariri, ba farashi ake tambaya ba, cewa ake yi, “Gwaggo, da hannunki? Allah ya bar zumunci.” Wannan kuwa ba sabon abu ba ne. Sarakuna da riga suke karrama baƙo da bara, kuma Sardauna Ahmadu Bello ya shahara da rabon riguna a nan Kaduna. Bambancin shi ne sarki saya yake ya bayar, ita kuwa gwaggo idonta da kwanakinta ta bayar.

Zariya ta nuna cewa tsohon aikin riga da aikin hannun matan gida suna iya haɗuwa. Aikin babbar riga a da na maza ne, amma daga baya matan cikin birni suka karɓe shi a ɗakunansu, har wasunsu suka kafa ƙungiya da sunan Sarauniya Amina a 1994, suna ɗora tsofaffin zayyanoni a kan riguna da kayan ɗaki. Kafin su, David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya tattara zayyanonin maɗinka ya baje su a Landan a 1976.

Masu sha'awa a Kaduna suna da abin da mutanen garuruwa da yawa ba su da shi. Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna a kan titin Rabah, yana ajiye da kayansa da hotunan zamaninsa. Gidan adana kayan tarihi na ƙasa da aka buɗe a 1975 yana kan titin Ali Akilu, a tsohon ginin jam'iyyar NPC. Mai son ɗinka kayan da ta je ta tsaya gaban riga ta gaske, ta ƙirga ƙyallayen da aka haɗa, ta duba yadda aka juya bakin wuya. In kuma akwai tsohuwar rigar kaka a ƙasan akwati a gida, a fito da ita a juya cikinta waje, a kira mai ɗinkin hula ta unguwa ta duba bayan aikin, domin ita ce za ta iya faɗin ta inda allurar ta shiga da inda ta fita.