Kalmar "Alheri" a Littafi Mai Tsarki na Hausa

A shekarar 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aikin da Likita Miller na C.M.S. ya yi wa jagora tare da waɗansu Turawan mishan da malamai Hausawa. Tun 1857 J. F. Schön ya fassara Bisharar Matiyu, amma fassarar 1932 ita ce ta zauna a bakin masu bi, har kalmominta suka zama nasu. A cikin kalmomin nan babu wadda ta ɗauki kaya kamar "alheri". Ita aka sa a madadin kalmar Helenanci karis, watau kyautar da Allah ya ke yi wa mutum ba don aikinsa ba, ba kuwa don ya cancanta ba. Da ita a ke sallamar jama'a a ƙarshen sujada, da ita kuma a ke raɗa wa 'ya'ya mata suna.

To, abin dubawa shi ne ko kalmar ta kai saƙon inda aka aike ta. Asalinta Larabci ne, al-khair, amma ta daɗe a ƙasar Hausa har ta yi gida. Wurin Bahaushe alheri abu ne da ke yawo tsakanin mutane, yana zuwa yana komowa. Matar da ta kai wa ƙawarta biki ta san ranar da za a rama mata. Wanda ya fita gayyar maƙwabcinsa ya ajiye wa gonarsa hannu ke nan. Karin magana ma ta ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da Bulus ya ke rushewa a sura ta 2 ta wasiƙarsa zuwa ga Afisawa, inda ya nuna ceto kyauta ce da ba a saye, ba a kuma biya. Masu fassarar Larabci ta Van Dyck, wadda ta fito a 1865, ni'ima suka zaɓa. Hausa tana da ni'ima, tana da falala da rahama, amma aka bar su duka.

Wanda ya ke son ya ga inda kalmar ke tuntuɓe, sai ya dubi ƙasar Kura da Bunkure. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, manomin Kadawa ya san ruwa iri biyu. Akwai na kwata, wanda ke da rana da awo da kuɗinsa, da shi a ke noman alkama da tumatir da rani. Akwai kuma na sama, wanda ba ya tambayar gonar wa zai sauka. Kirista manomi a wannan yanki, ko ɗan asalin Maguzawa ne ko baƙo da neman abinci ya kawo, in aka ce masa alherin Allah, wanne zai tuna? Koyarwar littafin ruwan sama ta ke nufi. Bisharar Matiyu sura ta 5 ma da shi ta yi misali. Amma al'adar kalmar ta fi jan hankali zuwa ga kwata: ka biya, a buɗe maka. Shi ya sa ran da tsutsa ta cinye tumatir, ko kasuwa ta faɗi kwando ya ruɓe a bakin hanyar Zariya, mai bi ya kan soma lissafin abin da ya rage wa Allah bai biya ba. Wannan lissafi ba daga littafin ya fito ba, daga kalmar ya fito.

Haka kuma misalin ma'aikatan gonar inabi a sura ta 20, inda wanda ya zo da la'asar ya karɓi lada daidai da wanda ya yini. Ɗan ƙodago ba zai kira wannan adalci ba. Amma fa zai kira shi alheri nan take, ba tare da an fassara masa ba, gama ya san alherin da sarki ko attajiri ke yi wa wanda ba shi da abin ramawa. A nan ne zaɓin masu fassara ya ke da hujja. Ni'ima hali ce da mutum ke zaune a ciki, kamar damina mai kyau. In ta wuce, kalmar ta wuce tare da ita. Alheri kuwa sai da mai yinsa, yana da fuska da hannu. Ga addinin da ya ke son mutum ya dogara ga Mai bayarwa ko da abin bayarwar bai iso ba, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Lalle Miller bai rasa sanin irin wannan gwaji ba. Wajen 1913 waɗansu daga cikin Isawa, mabiyan Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19, suka zo wurinsa a Zariya, aka kafa musu gari a Gimi. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya kashe da yawa daga cikinsu, garin ya watse. Da ni'ima aka koya wa mutanen nan, da wuya a sami abin faɗa musu a bakin kabari. Sura ta 12 ta wasiƙa ta biyu zuwa ga Korintiyawa, inda Bulus ya roƙi a cire masa ƙaya sau uku aka hana shi, aka ce ya wadatu da karis kaɗai, ba ta karantuwa da ni'ima ko kaɗan, gama ƙayar tana nan daram.

Saboda haka aibin kalmar da ƙarfinta wuri ɗaya suka fito, watau zamanta a tsakiyar hulɗar mutane. Inda za a ga gazawar fassarar shi ne ba ta da hanyar nuna wa mai karatu wane alheri a ke nufi, na biki ko na sarki, sai ta bar aikin a wuyan mai wa'azi da malamin aji. Da aka sake fassarar a 1979 an sauya abubuwa da dama, har Yesu Kristi ya koma Yesu Almasihu, amma ba a taɓa alheri ba.